Kiran Baffa a Aljihun Kowa

Ina 'yar firamare masu ɗaukar shirin talabijin suka zo duwatsun Rano. Shirin nan ne na jirgin da ya ɓace a tsakanin taurari, mutanen cikinsa suna ta neman hanyar gida. Mu dai shirin jirgi muke ce masa, kuma ya daɗe ana yinsa, har waɗanda suka fara kallonsa suna yara suka hayayyafa ana nan ana yi. Duk duniyar da jirgin ya sauka, in ka duba da kyau, duwatsunmu ne. Wani lokaci ma sai ka hangi akuyar wani can baya tana cin sabara, a duniyar da aka ce ɗan Adam bai taɓa takawa ba.

A hannun Baffa na tashi, yayan mahaifina, tun rasuwar mahaifiyata. Gidanmu yana gefen Kahu. Mun zauna, mun yi katanga, har gona muna nomawa, amma shanu su ne gidan. Da rani Baffa yakan matsar da su gindin duwatsun nan saboda wani kwari da ba ya ƙafewa, ni da matarsa, wadda nake kira Goggo, mu bi shi mu kafa bukka. To a nan suka same shi. Rana ta yi sanyi, shanu sun warwatsu a bayan dutse, sai ya miƙe ya yi kira.

Wanda bai tashi cikin shanu ba sai ya ɗauka duk ihu ɗaya ne. Ina! Kowane gidan kiwo da nasa kiran, kuma shanun wani ba sa amsa na wani ko da a mashaya ɗaya suke cakuɗe. Namu daga ƙirji yake farawa, can ƙasa, ya hau a hankali ya yi tsawo, ya karye a maƙogwaro, ya sake karyewa, sannan a rufe shi da bugun harshe. Wurin kakanmu Baffa ya gada. Babban ɗansa, wanda nake ce wa Hamma, ya yi ta koyo har ya yi gemu bai iya karyewar nan ba. In ya gwada sai shanu su ɗago su dube shi su mayar da kai ƙasa, mu yi ta yi masa tsiya.

Ranar, wani daga cikin masu ɗaukar shirin, mai wani abu maƙale a kunnuwansa, ya taho da gudu har yana tuntuɓe. Ya durƙusa ya gaida Baffa, ya ce don Allah ya sake. Baffa ya yi dariya ya ce, "Kiran shanu za ka kai birni?" Ya sake masa, ya kuma sakewa, mutumin yana ɗauka a kaset, shanu suka taru suka kewaye mu suna jiran abin da aka kira su dominsa. Baƙin suka sha fura, suka yi godiya, suka tafi. Har yau ban ga laifin mutumin nan ba. Abu ya ji ya yi masa daɗi, ya roƙa, aka ba shi.

Da shirin ya fito, ashe kiran Baffa sun mai da shi muryar wasu halittu da ba a taɓa nuna fuskarsu ba. In suka yi kira, duk wanda ya ji a cikin jirgin sai ya ajiye abin da yake hannunsa, ya buɗe ƙofa ya fita, kuma ba ya dawowa. Amma sun kwaɓe shi da amsa-kuwwa da wani gurnani na ƙarfe. A wani gida a Kibiya muke kallo, janareta yana ruri a waje, yara maƙil a tabarma. Na san muryar wa ce, amma wallahi in aka fara ni ma sai na cusa kaina a bayan ta kusa da ni. Sau ɗaya aka ja Baffa ya gani. Ya saurara, ya taɓe baki ya ce sun lalata shi, wannan ko jaki ba zai taso ba.

Shekaru suka tafi. Na yi karatu na zama malamar firamare, na yi aure a cikin garin Rano. Baffa kuma ciwon maƙogwaro ya kama shi, aka yi masa aiki, Allah ya ba shi lafiya amma muryar ta tafi. Abin da ya rage raɗa ce mai kaushi, sai ka kai kunne bakinsa. Tun daga nan ba a sake kiran shanunmu ba, sai kora. Hamma ya karɓi kiwo da sanda, Baffa yana binsa a baya yana shafa wannan yana duba kofaton waccan. Akwai uwar garke, wata tsohuwar jar saniya mai ƙaho ɗaya a sunkuye, wadda a hannunsa aka haife ta, kuma duk inda ta sa kai nan sauran suke bi. Ita in la'asar ta yi sai ta bar ci ta juyo ta tsaya tana kallon bakinsa. Shi ma ya tsaya yana kallonta. Na ga wannan da idona, kuma ban taɓa gani ban ji zuciyata ta ƙuntata ba.

Maigidana kuwa mayen shirin jirgi ne. Mutum da furfura a gemu, amma ka tambaye shi wa ya mutu a wace duniya, zai zayyano maka har da rigar da mamacin ya sa. An daɗe da daina shirin, sai ga labari cewa za a yi bikin zagayowar shekarar da aka fara shi. An tattaro tsofaffin 'yan wasan, amma duk sun yi tumbi sun yi sanƙo, ba mai yarda cewa su ne samarin jirgin nan. Saboda haka aka ce na murya za a yi, ba hoto, kashi-kashi, a sa a rediyo da rana, sannan mai so ya saukar a wayarsa. Maigida ya yi ta zumuɗi kamar shi aka gayyata.

Ina kwashe tuwo ya shigo da kashi na farko a waya, ya ajiye a kan turmi ya ce, "Malama, saurari yarintarki." Na ce ya ɗauke mini, aiki nake yi. Muryoyi suka yi ta maganar jirgi da iskar da ta kusa ƙarewa. Can sai komai ya yi tsit. Sai kiran ya taso.

Mara ta faɗi daga hannuna. Babu amsa-kuwwa, babu gurnanin ƙarfe. Baffa ne tsaf, da ƙarfinsa na da, har numfashin da yake ja kafin karyewa ta biyu ana ji, har wani ɗan maraƙi da ya yi kuka a bayansa. Ashe sun tono ainihin kaset ɗin ne suka wanke shi. Maigida ya ce sun yi bayani a rediyo, wai tunda babu hoto dole kunne ya ɗauki tsoron gaba ɗaya, kuma da suka saurari na asalin sai suka ga ya fi wanda suka yi wa kwalliya tayar da tsigar jiki. Na zauna a ƙasa na yi kuka, tuwo ya yi sanyi.

Da Asabar ta zo na yi sammako na tafi Kahu da wayar. Na same su an gama tatsa, ba a saki shanu ba tukuna. Na zaunar da Baffa a tsakar gida na ce, "Baffa, na zo maka da baƙo." Na danna. Da farko bai motsa ba. Sai ya kai hannu ya dafe wuyansa, leɓensa yana bin kiran ba sauti, idonsa ya cika. Goggo ta ja mayafi ta rufe fuska. Da ya ƙare ya juya yatsa, alamar a sake. Na sake.

A na biyun ne muka ji ƙasa tana amsawa. Uwar garke ta yi wani kuka da ban taɓa jin ta yi ba, ta ture itacen da aka tokare shingen shanun da shi, ta zo ta cusa kai ta cikin dannin da ya cike gefen katangar gidan har tana karya kara. Sauran duk suna bayanta, suna turereniya. Muka kwashe da dariya, Goggo tana cewa ka ga 'yar nema, ta gane mai ita. Baffa ya tashi ya rungume kan saniyar yana dariyarsa marar sauti. Rabon da in ga haƙoransa haka tun kafin ciwon.

Hamma ne kaɗai bai yi dariya ba. Yana tsaye da igiyar tatsa a hannu, ya dube ni ya ce, "Wannan abin, a wayar mutum nawa yake?"

Sai a nan na hango abin da ya hango. Talabijin a ɗaki take zaune, a gari, shanu ba su taɓa shiga kallo ba. Wannan kuwa a aljihu yake yawo.

Kafin wata ya mutu kiran ya cika ƙasar. Samari suka yanko shi daga cikin wasan suka mai da shi ƙarar shigowar kira. A motar Rano zuwa Kibiya wayar direba ta yi shi, fasinjoji suka yi dariya, wani ya ce a riƙe ƙofa kada wani ya fita. Mai shayin bakin tasha yana da shi. Mai faci yana da shi. 'Yan ajina suna kwaikwayonsa a lokacin hutun tara, na hana su da tsawar da ta fi ƙarfin laifin, suka yi ta kallona. Duk inda na ji shi sai in kama lissafin inda Hamma ya ce zai kai shanu ranar.

Ƙarshen damina ne, dawa ta fitar da kai. Wani manomi ta wajen Durba ya rataye rediyonsa a reshen ɗorawa yana aiki, ana maimaita wasan. Hamma yana wucewa da garke ta burtali, hanyar da aka ware wa shanu a tsakanin gonaki, hanyar da suke bi tun ban san kaina ba. Ya ce bai ma ji komai ba shi, sai gani ya yi uwar garke ta ɗaga kunne ta karya kwana. Ya sha gabanta ya doke ta, ta bangaje shi. Kafin mai gonar ya gane ya kashe rediyo, shanu sun kwantar masa da gefe guda, sun zo sun kewaye bishiyar suna kallon sama.

Mutumin kirki ne, sun daɗe da sanin juna da Baffa. Dattawa suka zauna, aka yanke abin da za a ba shi, aka ba shi, aka yi musabaha. Ɓarnar ba ta dame ni kamar labarin ba. Abin dariya ne, ai dole a ba da shi. A kasuwa, a majalisa, a wurin suna, kowa yana faɗin shanun Kahu da suke sauraron rediyo. Wasu har tsayar da ni suke yi a hanya su ce, "Malama, da gaske shanunku waya suke amsawa?" In ce ƙarya ce, da fuskar da ba ta barin a sake tambaya. Amma wa zan rufe wa baki?

Na samo lambar masu shirin na kira, kuma Allah ya sani ban yi sallama mai kyau ba. Na zazzage wa wata baiwar Allah duk abin da yake cikina. Ta bar ni har na gaji, sannan ta ce wallahi ba su sani ba, ta ba da haƙuri, ta ce za su cire kiran daga sauran kason da ba a sa ba. Kuma sun cire, ba su yi mini ƙarya ba. Sai ta ce a hankali, "Amma Hajiya, wanda ya riga ya shiga wayoyin mutane fa?" A nan muka rabu, na kashe waya. Na dawo na sauke sauran fushin a kan maigida, wanda duk laifinsa son wasan yara. Ya daina sauraro a gidan dai.

Bayan an yi girbi aka saki shanu cikin kara. Wata ranar Laraba, da azahar, Hamma yana kiwo a fadamar da take kusa da hanyar Fassi, sai ga mutum biyu a kan babur, sun naɗe fuska da rawani irin na masu doguwar tafiya. Suka tsaya a bakin hanya suka yi sallama, suka tambaye shi gida da iyali, ya amsa. Ya ce harshensu ba na nan ba ne, amma bai iya cewa na ina ba ne. Sai na bayan ya zaro waya da wata 'yar sifika kamar gwangwanin madara, ya danna.

Shanu suka taho. Ya kashe, suka tsaya cirko-cirko. Mai tuƙin ya ja babur gaba kaɗan, ya tsaya, na bayan ya sake dannawa. Suka bi, uwar garke a gaba, har suka hau kan hanya. Hamma yana ihu yana duka, kamar ba shi a wurin. Na bayan bai ko dube shi ba, yatsa yake nunawa yana bin shanun ɗaya bayan ɗaya, leɓensa yana motsi. Da ya gama ya mayar da wayar aljihu ya ce, "Allah ya ƙara albarka." Suka tafi ba gaggawa.

Hamma ya kira ni a firgice, mutumin da na taɓa ganin ya kashe kububuwa da takalmi. Washegari na nemi izini a makaranta na tafi. Duk mun san labarin satar shanu a wasu wurare, yadda ake zuwa da bindiga a kora da ƙarfi, shanu suna turjewa, ana barin sawu da hayaniya. Namu ba sa bukatar ko ɗaya. Mutum ɗaya a kan babur ya isa, da rana tsaka, su bi shi da gudu da murna har inda mota take jira.

Muka zauna a zaure, da malamin tsangayar da yake maƙwabtaka da mu, wanda Baffa ba ya yanke komai sai da shi. Hamma ya ce a tashi, a koma wani wuri. Malam ya ce, "Ina ne babu waya?" Na ce a sayar da su duka a huta, a sayi wasu. Baffa ya dube ni duban da ya sa na sunkuyar da kai, domin waɗannan jinin shanun kakanmu ne, ba a kasuwa aka haɗa su ba. Goggo daga bakin ƙofa ta ce ko a toshe musu kunne da auduga. Ba wanda ya yi dariya, ita ma ba da wasa ta faɗa ba. Malam ya yi addu'a mai tsawo muka shafa.

Da kowa ya tashi Baffa ya yafito ni. Na kai kunne. Ya ce, "Ki kawo mini wata waya. Da kiran a ciki, shi kaɗai."

Na ɗauka so yake ya riƙa kiran abinsa da kansa, har na ji daɗi. Maigida ya ba da tsohuwar wayarsa, ya sa kiran, ya nuna wa Hamma inda ake dannawa, Hamma ya nuna wa Baffa. Na kai ranar Asabar na kwana.

Da safe bayan tatsa Baffa ya fita bayan gida, ya ɗora wayar a kan wani kututture nesa da shingen. Ya sa Hamma ya buɗe. Na lura kowannensu yana riƙe da tsumagiya sabuwar yanka, amma ban kawo komai ba. Ya danna. Shanu suka taho a guje, wutsiya a sama, kamar yara an buɗe makaranta. Ta farkon da ta iso, wata farar karsana, Baffa ya ɗaga tsumagiya ya zabga mata a hanci.

Na yi ƙara. Mutumin nan tunda nake ban taɓa ganin ya doki saniya a fuska ba, sandarsa ta nuni ce da dogarawa. Ga shi yana dukan duk wadda ta matso, Hamma yana taya shi yana hawaye, kiran yana ta tashi daga kan kututture. Shanu suka rikice, su zo su koma, su zo su koma. Na ruga ina cewa, "Baffa, lafiya? Me suka yi maka? Kai ka kira su fa!" Goggo ta cafke hannuna ta ja ni baya da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Ta ce, "Ke rufe mana baki. Kina ganin daɗi yake ji? So yake su daina zuwa."

Sai a lokacin na gane. Tunda ba zai iya ƙwace muryarsa daga aljihun mutane ba, zai cire ta daga kunnen shanunsa. Na koma ɗaki na toshe kunnuwana, amma ana ji.

Haka aka yi ta yi kullum safiya, wani lokaci da yamma, wani lokaci a wurin kiwo ba zato, Hamma ya ɓoye wayar a cikin kara. Duk Asabar in zo in tarar an rage. Ƙananan ne suka fara ganewa, domin ba su daɗe da sanin kiran ba. Sai bijimai. Sai manyan shanu, ɗaya bayan ɗaya, wasu in sun ji ma sai su juya baya su yi nesa. Baffa kuma yana ta zubewa. Rigarsa ta yi masa yawa. Goggo ta ce in ya dawo daga bayan gida ba ya shan ko fura, sai ya wanke hannu ya yi ta wankewa, ya shiga ɗaki ya juya wa ƙofa baya. Na tsani shirin jirgi a lokacin, na tsani wayoyi, na tsani duk wanda na ji yana dariya a mota.

Uwar garke ce ta ƙi. Duk ranar da aka danna sai ta zo. Ta daina gudu, a hankali take tahowa, ido ɗaya a kumbure, hanci duk tabo. Ta zo ta tsaya a gaban Baffa ta sunkuyar da kai, ya doka, ta runtse ido, ba ta ja da baya. In ya gaji ya sauke hannu sai ta matso. Kuma duk lokacin da ta taho sai an sami wasu sun biyo ta, ba don kiran ba, don ita. Hamma ya ce a ɗaure ta a gida kawai. Aka ɗaure. Wani mai babur ya wuce ta bayan gida wayarsa tana ƙara, ta tsinke igiyar ta bi shi har bakin hanya, garken ya fara tashi. A makon nan kuma matan da suke kai nono Fassi suka ce sun ga mutum biyu a kan babur a inuwar tsamiya, suna zaune kawai.

Baffa bai yi shawara da kowa ba wannan karon, ko Malam. Ya sa Hamma ya nemo mai sayen shanu da yake lodi zuwa kudu, ya ce sharaɗinsa ɗaya, kada a sauke ta a kusa. Ina can ranar da suka zo da a-kori-kura. Suka ja motar da baya suka jingina ta da wani tudu a bayan gida, suka sauke murfin baya ya zama matakala. Sauran shanun suna nan kusa cikin kara suna ci.

Ta ƙi hawa. Aka sa mata igiya a ƙaho, ƙarti suna ja ta gaba, wasu suna turawa ta baya, aka murɗe mata wutsiya, ta kafe ƙafafu. Da suka matsa sai ta durƙusa ta kwanta a gindin tudun, ta miƙe wuya a ƙasa. Mai sayen ya share gumi ya dubi rana ya ce shi fa yana da sauran wurare, in ba za ta yiwu ba a faɗa masa. Ni kuwa a raina ina cewa Allah ya sa ta ƙi har abada.

Sai na ga Baffa ya sa hannu a aljihu. Na kama wuyan hannunsa da hannu biyu. Na ce, "A'a Baffa. Wallahi a'a. Ban da wannan." Bai fizge ba, bai yi fushi ba. Ya tsaya yana kallona har sai da hannuwana suka saki da kansu.

Ya hau tudun ya shiga bayan motar, ya je can ƙurya ya jingina da ƙarfe. Ya yi wa ƙartin alama su cire mata igiya, suka cire. Ya danna.

Ta ɗaga kai. Ta tattara ƙafafunta ta miƙe da kyar, ta hau tudun ba wanda ya taɓa ta, ta taka murfin yana ƙara a ƙarƙashinta, ta shiga har ƙurya ta sunkuyar masa da kai tana jiran duka. Bai doke ta ba. Ya ɗora tafinsa a goshinta, ya daɗe, sannan ya kama ƙarfen gefe ya haura ya sauko ta waje, Hamma ya tare shi. Aka rufe murfin. Kiran bai ƙare ba, yana ta tashi daga hannunsa, ita kuma tana juya kai tana nemansa ta tsakanin ƙarafa.

Na waiwaya wajen garken. Suna nan cikin kara suna ci, ko ɗaya ba ta ɗago ba.